Ranar da kashin jariri ya sa ni rawa

Shekarun baya, a shekarar da damina ta yi gardama kuma sojoji suka karɓi mulki, matata ta haifa mana ɗanmu na fari a Matameye. Murna ta hana ni tafiya cin rani Kano. Duk wanda na gamu da shi sai ya sha labarin yaron.

Bai yi wata guda ba ya fara amai. Da ya sha nono sai ya feso shi har kan tabarma, ya kuma lalubi nonon yana kuka. Kashi ya ɗauke, yaro ya bushe. Mahaifiyata ta ce, "Yunwar bana ce ta ɓata nonon uwarsa." Matata ta bar cin tuwo a gabanmu don kunya.

A asibitin garinmu aka ce mu wuce Damagaram. A hanya wani soja ya tsayar da motar da muka shiga, ya leƙo ya ga yaron, ya ce wa direba, "Wuce, kar ka tsaya ko'ina!"

Da muka isa asibitin Damagaram, lokotoro, wato likita, ya taɓa cikin yaron, ya ce, "Malam, nono lafiya lau yake. Hanji yana da tsoka a jikinsa, ita ke matsa abinci ya yi gaba. Tun yaro yana ciki, shimfiɗar cikin hanjin ke aika wasu sinadarai ga ƙwayoyin halittar da ke kewaye da ita, su ke umartar su su zama tsoka. Tsokar ɗanka, a ƙofar da ciki ke haɗuwa da hanji, ta yi kauri ta toshe hanya. Za mu ɗan tsaga ta."

Ni sai cewa na yi, "Wato hanji ma yana da kwamanda?" Ya yi dariya.

Aka yi aikin. Yaron ya sha nono, muka zuba ido. Shiru, ba amai! Washegari matata ta buɗe zanensa ta ce, "Malam, zo ka gani!" Kashi ne, rawaya kamar ɗorawa. Wallahi ban san sa'ad da na fita tsakar asibiti ina taka rawa ina cewa "Ya yi! Ya yi!" ba. Wani dattijo ya tambaye ni ko ruwan sama aka yi a garinmu.

Yau yaron ya fi ni tsawo, ƙwarya guda ta fura ba ta isarsa. In na ga yana kwankwaɗa, sai in tsaya ina kallon maƙogwaronsa har ya tsargu ya ce, "Baba, lafiya?" In ce, "Lafiya lau. Ƙara sha."