Hular Alhaji da Talabijin Ta Yanke

Har yau ranar da aka fara nuna tallarmu ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina horon sanin makamar aiki a wani kamfanin bokitai da butocin roba a Sharada, kuma ina fatan su riƙe ni idan na gama karatu. Da suka ga na iya haɗa bidiyo, sai aka ba ni tallar da za a kai gidan talabijin.

Allon kwamfuta yana nuna hoto dukkansa, har bakin gefe. Tsohuwar talabijin kuwa, irin mai ƙaton baya da ke shaguna da gidaje da yawa, tana cinye gefen hoto. Don haka na bar fili a kewaye, na matso da hoton Alhaji, mai kamfanin, da lambar waya zuwa ciki.

Manaja ya leƙa kwamfutata ya ce, "Ɗan makaranta, wannan filin noma za ka yi a ciki? Ƙara girman Alhaji ya cika allo, lamba kuma ta sauka can ƙasa."

Na ce, "Yallaɓai, talabijin za ta yanke. Ko mu gwada a ta ɗakin masu gadi?"

"Ga shi ina gani da idona, me aka yanke?"

Na yi yadda ya ce.

Ranar da talla ta fito, Alhaji ya dawo daga sallar la'asar, masu gadi suka kira shi da murna ya zo ya ga kansa. Ya tarar hularsa ta tafi, lamba ma babu. Aka tara mu a ofis.

"Ni za a fitar gaban jama'a kai babu hula?"

Manaja ko ƙifta ido bai yi ba. "Aikin yaron nan ne, Alhaji."

Babu wanda ya tambaye ni, babu wanda ya ambaci lambar da masu saye za su kira. Aka mayar da ni sito jera bokitai har na gama horon, maganar ɗauka aiki kuma ta mutu. Tallar da aka sake kaiwa ita ce tawa ta farko, mai filin noma. Manaja ya sha yabo.

Abin da na koya ke nan: a gwada hoto a allon da mutane za su kalla, ba allon ofis ba. Kuma a irin wannan wuri, idan gefe ya yanke, na ƙasa yake fara ci.