Shuɗiyar Rigar Kujerar Jariri

Shekarun baya can, ƙanwata ta haifi ɗanta na fari. Mijinta yana da 'yar mota, sai ya sa aka kawo masa kujerar jariri daga Kamaru, irin wadda ake ɗaurewa a kujerar baya. Yaron ko zama bai fara ba Allah Ya karɓi abinsa. Kun dai san kunyar ɗan fari. Ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, balle ta yi kuka gaban mutane. Har yabonta ake yi, wai ta iya tawakkali.

Da ta sake haihuwa, na ga kujerar a bayan ƙofa da shuɗiyar rigarta ta da, na ce wallahi ba za a kwantar da jaririya a wannan ba. Ni da azarɓaɓi, tana yin arba'in na tasa ta gaba sai Kasuwar Kilomita Biyar, mu zaɓi atamfar da za a ɗinka wa kujerar sabuwar riga.

Duk wadda na ɗago sai ta samo mata aibu. Wannan ta cika ja, waccan za ta yi zuba. Ga rana, ga 'yan babur suna ta danna mana hon, ni kuma kujera a kai kamar mai talla. Na ƙule, na ce ko lefenta ba mu sha wannan wahalar ba. Na zaɓi wata koriya mai laushi da kaina.

Muka kai wa tela, ya jujjuya kujerar, ya ce da yaren Sango wai sai ya farke tsohuwar rigar ya shimfiɗa a kan atamfar ya yanka daidai, haka suke yi. Yana ɗauko reza ƙanwata ta dafe kujerar.

"Yaya, kada a farke," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ita kaɗai ta rage mini cikin abin da ya kwanta a kai. Sauran duk kun rabar."

Mu muka rabar kuwa, wai don kada ta gani ta tuna. A rumfar nan ta fashe da kuka, na rungume ta ina taya ta. Tela ya ajiye reza, ya auna da tef, ya ɗinka koriyar a kan shuɗiyar.

Tun daga ranar, in mai rashi ya yi shiru ba na ɗauka ya manta, kuma har yau in na tuna sai tausayinta ya kama ni. Kujerar ta zaga gidajen dangi, an sha canza mata riga. Amma duk wadda ta zo aro, sai ƙanwata ta raka ta har ƙofa ta ce, "Don Allah kada a cire ta ƙasan."