Ina Gaisuwa, Habu Ya Shige Gurbina

Jama'a, yau ladabi ya cuce ni!

Shugabanmu na mafarauta ya kira ni kasuwar Gwarzo, zai sa ni a rukunin sirri na waya, inda manya ke tsayar da ranar shiga daji. Gayyatar wata alama ce a wayarsa da ake ɗauka da waya, mutum ɗaya take shigarwa. Ya miƙo, ni kuwa na durƙusa ina gaisuwa. Sai Habu na Kabo, wanda na koya wa riƙon bindiga, ya ɗora wayarsa a kai. Ya shige!

Na ce, "Baba, tawa fa?"

Ya ce, "Gurbi ɗaya ne, Sale, kuma ba na iya cire shi. Habu zai riƙa gaya maka."

Habu! Mutumin da ko kare ba shi da shi!