Wendell Ya Daina Rungumar Falwaya

Wendell Tackett ya ci ƙuruciyarsa a ramin kwal, a duƙe, kamar yadda ubansa ya yi a tsaunukan gabashin Kentucky. Da kamfani ya rufe ramin, abokan aikinsa suka watse birane neman na sakawa a bakin salati. Shi kuwa ya rasa ta yi, don mahaifiyarsa, Mama Opal, ta tsufa, ta kuma rantse gawarta ce kawai za ta bar ƙauyen. In bai sami aiki a gida ba, dole ya tafi ya bar ta.

Matarsa Darlene ce ta kawo zancen kwalejin gunduma, wadda ke bayan asibiti. Ba a kwana a can, kuɗinta bai fi ƙarfin talaka ba, kuma cikin 'yan watanni suna koya wa mutum aikin layin lantarki.

"Ni da furfurata, in zauna da 'ya'yan cikina?" in ji Wendell.

"To zauna nan ka yi ta gadin talabijin, wataƙila ta biya ka albashi," ta ce.

Ya tafi yana gunaguni, sai ya tarar rabin ajin masu furfura ne irinsa. Karatun bai ba shi wuya ba. Ranar da aka fita fili hawan falwaya ne asirinsa ya tonu. Mutumin da dutse ya sha ruftowa kusa da shi ko gezau, ashe tsoron sama yake ji! Da ya ɗan yi nisa sai ya ƙanƙame itacen, ƙarfunan hawa da ke takalminsa su zame, ya sulalo ƙirji duk sartse. Wanda bai kai ƙoli ba kuwa ba ya samun takardar shaida.

Malama Bledsoe, mai koyar da hawa, gajeriya ce mai muryar tsawa, amma ba ta iya yar da ɗalibi ba. Takan tsaya da shi bayan an tashi, ba wanda ya sa ta.

"Kai, Tackett! Falwayar nan matarka ce da kake ta rungumarta? A rami ka saba maƙalewa, nan kuwa baya ake kwantawa. Saki jikinka, ɗamarar da ta haɗa ƙugunka da falwayar za ta riƙe ka."

"Malama, in ta tsinke fa?"

"Sai in gaji motarka. Hau!"

Dariya ta kuɓuce masa, ya kwanta baya bai sani ba, ƙarfunan suka kama itace gam. Ranar ya taɓa ƙoli.

Yau Wendell ma'aikacin kamfanin wutar gundumarsu ne, albashinsa ba laifi, kullum a gida yake kwana. Ko a gaban wa yakan ce kwalejin nan ta rufa masa asiri, kuma duk kaka sai ya kai wa Malama Bledsoe zuma daga amyarsa.

Ranar da ya kama aiki ya biya wurin Mama Opal da kayan aikinsa. Ta ajiye masa wake da burodin masara, ta daɗe tana kallon ɗamarar.

"Ɗan nan, da addu'ata Allah ya fito da kai daga ƙasa. Yanzu kuma sai in koma roƙon ya sauko da kai?"

"Ko in ajiye aikin in tafi birni, Mama?"

Ta kama hannunsa ta riƙe tsam, idonta ya ciko.

"Kul! Ci abincinka. Addu'ar ba ta gajiyar da ni."