Makullin Famfon Garinmu

Shekara goma sha bakwai abokin mahaifina yana tayar da injin gazuwal, wato man dizal, na famfon garinmu, a hanyar Filinge zuwa Abala. Ƙarar injin ce ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya sosai yake ji. Mu kuwa ruwa kawai muka sani.

Da aka kawo mana famfo mai aiki da hasken rana, masu aikin suka ce a ba su wanda ya yi lakkwal, wato boko, domin takardun koyarwar da Faransanci suke. Ni ne sakataren kwamitin ruwa. Na san abin da mai kula da sabon famfon zai yi bai wuce goge gilasan hasken rana da buɗe ruwa ba, kuma tsohon abokin mahaifina zai iya, ko da bai yi lakkwal ba. Amma ina son baƙin su ga ni wayayye ne. Sai na rubuta sunan wani malamin makaranta. Kwamiti ya ce to, ni zan je in sanar da tsohon.

Sau uku ina zuwa gidansa. Ya sa a dama mini fura, ya tambayi gona, ya tambayi iyali. To ta yaya zan kwarma wa abokin ubana cewa an sallame shi, matarsa da surukansa suna ji ta bayan darni? Maganar da ake yi ƙasa-ƙasa ce, shi kuma ƙasa-ƙasa ba ta isa gare shi. Kowane zuwa sai in shanye furar in tashi. A lokacin na kira abin kunya. Tsoro ne, kuma har yau yana cina.

Ranar buɗewa ya zo cikin rigarsa ta Juma'a, ya tsaya kusa da magajin gari. Jawabin duk bai ji ba. Da aka ɗaga makulli ya miƙa hannu biyu, aka zagaye shi aka ba malamin.

Ya juyo ya nemo ni cikin mutane, ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ɗana, ashe abin da ka taho hwaɗa mani ke nan? Ni na ɗauka gaisuwa ta kawo ka."