Hajja Awadiyya, Uwar Ranar Ziyara

Hajja Awadiyya takan fito ne tun 'yan kasuwar Ataba ta Alƙahira ba su ɗaga ƙofofin shagunansu ba. Ta share gindin bangon da ta saba zama, ta jera kwalaben citta da kirfa da na'ana'a, ta ɗora buta, sannan ta fara faɗa da duk wanda ya nemi shayi ruwa bai tafasa ba. Na sha wannan faɗan ba sau ɗaya ba, don aikina na tafinta tsakanin fatakenmu da Misirawa a lungun nan yake farawa. 'Yar Sudan ce, amma kakanninta daga Damagaram suka taso da niyyar Hajji, hanya ta ajiye su a Sinnar. Hausarta tana nan garau, sai dai takan sirka ta da Larabci.

Abu biyu suka daɗe suna ɗaure mini kai game da ita. Duk shekara, da zarar zafi ya lafa, jan dabino ya cika kasuwa, masu gasa dankali sun fito da kurarsu, sai a wayi gari babu ita babu butarta. Sannan ga wasu ƙarti masu askin soja da kan zo jefi-jefi su durƙusa gabanta suna kiranta Inna, alhali 'ya'yanta biyu ne kuma duk mata. Ni kuwa ban iya ganin abu in ƙyale ba. Na tambaye ta, ta ce in sha shayina kada ya huce. Maƙwabciyarta Mahasin, mai toya kisra, wainar 'yan Sudan, ita ta fasa mini ƙwan.

Ashe akwai wata kwalejin soja a gefen gari da ke ɗaukar sababbin ɗalibai da kaka. A yi musu aski tal, a rufe ƙofa a kansu makonni, babu waya babu fita, sai gudu da fareti. Bayan nan ake buɗe ziyarar farko, kuma ranar babbar rana ce ga Misirawa. Uwaye kan zo da tukwanen mahshi, wato kayan lambu da aka cusa wa shinkafa, da gasasshiyar agwagwa, a shimfiɗa a fili, a yi kuka a yi dariya. A cikin ɗaliban akwai waɗanda ƙasashensu suka turo, 'yan Nijar da sauransu. Su babu mai zuwa wurinsu, sai su tsaya gefe suna kallon ana ciyar da 'ya'yan wasu.

Wani Hassumi ne mafari. Yakan sha shayinta kafin ya shiga, ya kuma taɓa gaya mata ya yanke shawarar kwanciya ciwon ƙarya ranar ziyara don kada ya ga abin da zai tuna masa da gida. Ta ce ya ba da sunanta a matsayin mai zuwa wurinsa. Ta rufe sana'a, ta hau jirgin ƙasa na metro da ƙullin kisra da miyar busasshiyar kuɓewa da yaji. Tun daga nan manyan ɗalibai suke raɗa wa ƙannensu sunanta.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai daga bakin Rashid na ji shi, wani ɗan Maraɗi da yanzu hafsa ne, ya dawo ƙarin karatu. A shekararsu ba ta taɓa ganinsa ba, suna kawai aka aika mata. To ga yara duk kai a aske, duk sun rame, duk rana ta ƙone su. Ta hango wani baƙi dogo a gindin bishiya ya zuba wa ƙofa ido, ta kama hannunsa ta zaunar, ta hau yi masa faɗan rama da Hausa. Yaro sai murmushi yake yana gyaɗa kai, ita kuma ta ɗauka horon soja ne ya ɗaure masa harshe. Ya ci rabin kwano kafin Rashid ya iso a bayanta ya ce, "Inna, ni ne fa." Wancan Fadl ne sunansa, Bamisire daga Aswan, mahaifinsa na kwance asibiti babu mai zuwa. Ya miƙe cike da kunya zai ba da haƙuri.

"Ma'alish ya waladi, ba komai ɗana, zauna," in ji ta. "Wa ya ce maka na gama da kai?"

Daga shekarar ta daina dogara da suna. Ta ƙara tukunya, in ta shiga fili sai ta nemi wanda idonsa ke kan ƙofa.

Hajja, ke ce uwar wanda tasa ta yi nisa. Ke ce kika gane cewa mai koyon riƙe bindiga ma yaro ne, yana son a ce masa ya rame. Ba ki da albashi a kwalejin, ba ki da hoto a bangonta, amma akwai gidaje daga Maraɗi har Aswan da ake yi miki addu'a ba a taɓa ganin fuskarki ba. Ni da na zo da tambaya don son jin ƙwaƙwaf, na tashi ina jin kunyar shekarun da na yi a garin nan ban taɓa tunanin yaran ba.

Bana gwiwar Hajja ta ƙi. Likita ya hana ta tsayuwa, ta miƙa wa Mahasin butar shayi, ta koma gidan 'yarta a Giza. Ranar ziyara Mahasin ce ta tafi, ni na riƙa mata tukwane zuwa bakin ƙofa. Da la'asar muka biya wurin Hajja mu ba ta labari. Ba ta tambayi ko miya ta yi daɗi ba.

"Akwai wanda ya rage a tsaye?"

Mahasin ta sunkuyar da kai. Ta ce akwai guda, can ƙarshen fili, ba ta lura da shi ba sai da aka busa usur na tashi. Hajja ta murza gwiwarta, idonta ya kawo ruwa. Can ta ce, "Khalas, shi ke nan. In kin koma, da shi za ki fara."

Mun gode, Hajja Awadiyya. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka miki da abin da ya fi wanda kika ciyar. Mu kuma 'yan uwa mazauna Alƙahira, ɗalibai da 'yan kasuwa da matan gida, abin bai wuce kwanon abinci da kuɗin metro da yini guda ba. Yaron nan yana can, ba mu san sunansa ba, ba mu san garinsu ba. Ziyara ta biyu ta kusa, kuma Mahasin ita kaɗai ba za ta iya ganin duk filin ba.