Tsutsar Sammani

Malam Sammani ba ya tsayawa gaisuwar safe sai ya leƙa injinansa tukuna. Yana jingine babur a gindin darbejiyar da ke gaban ofishin ƙungiyar manoman rani a Kura, sai ya jefo mana sallama yana tafe, ya shige ɗan ɗakin nan na ƙurya. A can babbar kwamfutar take, wadda 'yan ofis ke kira saba, ita ce sauran ƙananan ke dogaro da ita. Ƙungiya tana da irinta uku, ta Kura da ta Bunkure da ta Kadawa, kuma a cikinsu ake tsara rabon ruwa: wane yanki za a buɗe wa magudana yau, wane ne zai jira gobe. Abin da Sammani ke dubawa kullum guda ne. Ko masu ƙera manhajar sun fitar da sabon faci, kuma ko ukun nan duk sun samu.

Ni malamin gona ne, ban san kan kwamfuta ba, don haka na taɓa tambayarsa wane irin faci ne wannan da ke hana dattijo zama. Ya ce kowace manhaja tana da ɓaraka, kuma akwai miyagu a duniya da ba su da aiki sai neman ta. Idan masu manhajar suka gano, sai su aiko da abin toshewa.

"To ai shi ke nan," na ce, "in ka samu sarari ka sa."

"Malam Abdulrauf, ranar da aka aiko faci ai an yi shelar inda ramin yake ne. Ni na ji, ɓarawo ma ya ji. Sai dai a ga wanda zai riga wani."

Daga nan aka sa masa Mai Faci. Sunan ya bi gari har wani bawan Allah ya gangaro da tayar amalanke ƙofar ofis yana tambaya ina mai facin. Sammani bai yi fushi ba. Ya taya shi ɗaukar tayar zuwa wurin mai facin bakin titi, ya dawo da sauri don ya bar wani abu yana sauka.

Kafin zuwan kwamfuta, shekaru ya yi yana bin gefen babbar magudana da ƙafa yana neman ramin ɓera da na ƙaguwa, domin ɗan ramin da ba a toshe ba shi ke ɓalle ganuwa. Da aka kawo injinan, samarin da aka tura koyo suka koya suka wuce birni. Shi ya rage, da furfurarsa da tabarau, ya koya a hankali. Halin bai sauya ba, wurin duba ramin ne kawai ya sauya.

Intanet ɗin ofis kuwa sai addu'a. Sau da yawa sai ya hau babur zuwa cikin Kano ya sauke facin a shago, ya zuba a faifai, ya dawo ya fara da Kura, ya wuce Kadawa, ya ɓulla Bunkure. In an ɗauke wuta ana cikin sawa, ya sake daga farko. Iyatu mai abinci a ƙofar ofishin Bunkure ta ce mini, "Ni dai ban taɓa ganin Baba Sammani ya gama kwano a zaune ba. Loma biyu ya miƙe, wai bari ya ga ko ta tashi."

A ƙarshen shekarar 2008, ana shirin dashen tumatur, aka yi taron ƙungiya. Manoma sun cika ɗakin, wasu a tsaye a taga. Sammani, wanda ba ya magana a taro, ya ɗaga hannu ya fuskanci shugabanmu, Alhaji Dattijo.

"Ranka ya daɗe, akwai wata tsutsa tana tafe. Ta shiga ƙasashe da yawa, kuma in ta shiga inji guda sai ta bi sauran. Ina roƙo a ba ni dama in rufe injinan ɗaya bayan ɗaya, kuma kada kowa ya ƙara kawo filash, ɗan abin nan na kwafar bayanai, daga waje ya sa."

Shi mugun abin nan na kwamfuta yake nufi, mai yaɗa kansa, wanda masana ke kira tsutsa. Amma ka ce tsutsa a gaban manomin tumatur ana gab da dashe! Na taga ba su tsaya jin sauran ba. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa, kafin kwana biyu masu sayar da maganin feshi sun rasa na sayarwa. Na yi ta bin gonaki ina cewa ba wannan tsutsar ba ce, ana kallona kamar ina ɓoye wani abu.

Shi kuwa bai ma san abin da ya tayar ba. Yana can tsakanin garuruwa uku da faifansa, ya rufe wannan, ya sa, ya jira, ya tabbatar ya zauna, ya wuce. Ma'aikata suna ta ƙorafin ya tsayar musu da aiki. Ya toshe ramukan sa filash da salatif, aka ce ya fara tsufa.

Tumatur ya kama, ya yi fure, ba tsutsa. Wata rana Baballe, wanda gonarsa ke can wutsiyar magudana a Bunkure, ya tare shi a gindin darbejiya.

"Malam Sammani, ina tsutsar taka? Na yi feshi har matata ta ce warin magani nake yi!"

"Ba ta gona ba ce, Baballe. Ta inji ce."

"To ta shiga injin?"

"Ba ta shiga ba."

"Kai jama'a! Ba ta gona, ba ta inji. Wallahi kai dai ba ka son a zauna lafiya."

Aka kwashe da dariya. Tun ranar, duk abin da aka yi ta tsoro bai zo ba, a yankin nan sai a ce tsutsar Sammani ce. Hadari ya haɗo ya watse, tsutsar Sammani. Har yara sun iya.

Wannan ne ke ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tsutsar ta zo. Ƙanwata Rahma tana aiki a wani ofis a birni, makonni suka yi suna kallon injinan da suka ƙi aiki. Shagon buga takardu na bakin titi ma ta shiga. Namu ukun ta tarar da su a toshe. Da sun tsaya a lokacin dashe, duk mun san abin da ke faruwa in tsarin rabon ruwa ya rikice: na sama su riƙe ruwa, na ƙasa su zo da fartanya, dashen wutsiya ya ƙone kafin a gama sulhu. A wancan ranin ruwa ya isa gonar Baballe a ranarsa, kowane zagaye, bai kuma san wa zai gode wa ba.

Kai ne, Malam Sammani, wanda in ka yi aikinka daidai ba a ganin komai. Kai ne aka mai da abin zolaya saboda ka yi nasara. Ban taɓa jin ka ce a dubi abin da ka tare ba. Mai Faci, maƙi zama, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya toshe maka duk wata ɓaraka duniya da lahira.

Watan jiya ya yi ritaya, ya koma gida Madobi. A walimar sallamarsa ma sau biyu yana tashi ya leƙa ɗakin ƙurya. Har yau ba a sa kowa a gurbinsa ba. Da na yi wa shugabanni magana, sai wani ya ce ai injinan ba sa ɓaci, me za a yi ta dubawa.

Abu guda ya koya mini kafin ya tafi, wata 'yar alama a kusurwar allon kwamfutar. In ta fito ruwan ɗorawa, an aiko sabon faci ke nan ba a sa ba. Yanzu ni ma ba na tsayawa gaisuwar safe. Ina leƙawa, in fito, in rasa wurin zama, domin iya launin na sani.

Samarin Kura da na Bunkure da 'yan matanmu da suka yi karatun kwamfuta, Malam Sammani ya ce duk wanda ya same shi a Madobi zai koya masa, ba ya son komai. Ku je. Ba za a yi muku tafi ba, wataƙila ma a sa muku suna. Amma manoma sun fara zuba irin tumatur, dashe ya kusa, kuma alamar nan ta fito tun ranar Laraba. Mun ji shelar. Ba mu kaɗai muka ji ba.